Ƙasar da Husna Ta Sha

SHAFI NA 19

Salamu alaikum ƴan gidan nan. Na ga saƙonninku duka, har da na mai cewa wai na tsere da labari na bar ku a tsakiyar hanya. Baiwar Allah, haihuwa huɗu na karɓa tsakanin jiya da yau, hannu biyu gare ni ba goma ba. Wadda ba ta iya haƙuri ta je ta rubuta nata. Sauran ku gyara zama, shafin yau ni kaina da ƙyar na rubuta shi.

Sababbin shigowa, ni ce Bushira, sajfam, wato ungozomar likita, a Dogon Dutsi. An tura mu ƙarin sani na kwana goma a Dakar, ni da abokin aikina Majo Jibrilla, babban nas ɗin asibitinmu, mutumin Sukukutane. Na taho da ƙanwata Husna da ta samu gurbin karatu a can. Kaka Ladidi, uwar mahaifiyarmu da ta rene mu a Dumega, ta ƙi yarda yarinyar ta taho sai da ta tambaye ni ko akwai babban ruwa a garin. Na dube ta ido cikin ido na ce babu. Ran Lahadi ba aiki, muka shiga mota mu uku muka bar birni don mu ga bakin teku mu dawo da yamma. A nan muka tsaya.

* * *

Ƙarar muka fara ji tun kafin mu ga ruwan.

Wani gurnani ne mai zuwa ya koma, ya zo ya koma, kamar ana jan buhun tsakuwa a ƙasa. Husna ta kama gefen mayafina.

"Yaya, mi ke kuka haka?"

"Teku ne, baƙauya," in ji Jibrilla yana gyara hula. "Ni da na yi wanka a gulbin Isa can Yamai har sau biyu, wanga ba shi ba ni tsoro. Ruwa duk ruwa ne."

Jibrilla mutumin kirki ne, ban raina shi ba. Amma in dai sani ne, ko kaza ta yi ƙwai sai ya ce da shi aka yi shawara.

Muna gangarowa muka tarar da wajen rairayi cike da jama'a, maza da mata, kowa da ɗan ƙyalle a jiki kamar an yi gobara a kasuwar tufafi. Husna ta rufe ido da tafin hannu.

"A'uzubillahi! Yaya, ɗiyan mutane tsirara!"

"To ki buɗe ido kada ki faɗi."

"Ni dai mu canza wuri. Wallahi ban iya cin abinci a nan."

Sai muka yi hagu, inda rairayi ya ƙare duwatsu suka fara.

Wani jan dutse ne ya miƙe a gefenmu, tsayinsa da launinsa sak na garinmu, sai dai wannan ruwa ya cinye masa ƙafa. A ƙarƙashinsa baƙaƙen duwatsu ne masu huda-huda, masu kaifi, ga santsi, ga ƙarni. Muna shan kwana hayaniyar mutane ta yanke ɗif. Babu mai wanka, babu mai talla, ko tsuntsu ban gani ba.

Da mai hankali ce ni da na tambayi kaina: wurin da ya fi ko'ina kyau, me ya hana ƴan gari zuwa? Ban tambaya ba. Murna ma na yi da muka samu wurin da babu kowa.

Can gaba, kamar tafiyar minti biyar, wani baƙin dutse ne tsaye shi kaɗai, girman rumbu uku a haɗe. Tsakaninmu da shi jiƙaƙƙiyar ƙasa ce da ƴan kududdufai. Ruwan teku yana can nesa a bayansa.

"Can za mu," in ji Jibrilla. "Hoton da za mu ɗauka can, duk Arewa sai an yi magana."

"Majo, ƙasar nan jiƙe take. Ruwa ya bi ta nan."

Ya ɗaga kai ya dubi gabas. Ni ma na duba. Husna ma ta duba.

Ku da ke nan Dutsi kun san dalili. Haka aka koya mana tun muna ƙanana: kafin ka tsallaka ƙorama ka dubi gabas. In da hadari ka dakata, don ruwa yana iya gangarowa daga duwatsu ya tafi da kai da jakinka. In babu hadari wuce abinka. Ranar nan kuwa sama fes take, ko ɗigon girgije babu.

"Kin gani?" ya ce. "Ruwan da ba hadari, daga ina za shi hito?"

Muka tsallaka.

A gindin dutsen akwai wata tsaga, faɗinta kamar ƙofar ɗaki. Na leƙa. Fasasshiyar ƙwarya na fara gani, sai wani farin ƙyalle da aka cusa a ramin dutse, sai fari-farin abu da ya bushe a jikin bangon, kamar an sha zuba nono a wurin.

Wace ƴar Arewa ce ba ta san wannan ba? Haka ake yi a gindin tsamiyar da ke da masu ita, wato iskoki. Amma sai na ce wa kaina, ke Bushira, da karatunki da farar rigarki, ƙwarya ce za ta ba ki tsoro?

Ina juyowa na ga Husna ta durƙusa ta riƙe ciki.

"Ya sake tashi?"

"Tun cikin mota, Yaya. Murɗa yake."

Kwana uku ke nan tun saukarmu cikinta bai zauna ba. Na ba ta magani iri biyu, kamar na zuba a rijiya.

"Baƙon ruwa ne," in ji Jibrilla. "Ke Husna, kin sha ƙasar garin kuwa?"

Kun dai san al'adar. In ka sauka baƙon wuri, ka ɗebi ƴar ƙasar wurin ka jefa a ruwa ka sha, don ƙasar ta san ka, ruwanta kada ya ɓata maka ciki. Ni tun daren da muka sauka na ɗebi tawa a tukunyar furen masauki na sha, da karatun likitan nawa da komai.

Husna ta girgiza kai.

"Kaka ba ta taɓa bari na ba. Ko Tibiri munka je biki, kowa shi sha, ni sai ta ƙwace ƙoƙon."

"Rigimar tsufa ce," na ce. "Kawo butelin nan."

Na duba ƙasar waje, duk ciyawar ruwa ce da datti. Ta cikin tsagar kuwa fara tas, laushi kamar garin gero da aka tankaɗe. Na miƙa hannu na ɗebo da yatsu uku.

Da hannuna, jama'a. Wannan hannun da nake rubuta muku da shi. Ba wanda ya tilasta ni.

Na zuba a butelin, wato gorar ruwanmu, na girgiza, na miƙa mata. Ta yi bisimilla ta kafa kai. Ta sha, ta sha, har na ce ya isa. Ta sauke tana lasar leɓe.

"Yaya, sukari kinka sa?"

"Wane sukari?"

"Ɗanɗanon nono gare shi. Mai ɗumi, kamar yanzu anka tatso."

A daidai nan gurnanin teku ya tsaya.

Wallahi ya tsaya. Na ji numfashina, na ji agogon hannun Jibrilla yana bugawa. Na ja numfashi ɗaya, biyu, uku. Sannan ƙarar ta dawo, amma ta fi kusa.

"Kun ji?" na ce.

"Mi?" in ji Jibrilla, bakinsa cike da kilishi.



Muka shimfiɗa zane muka ci abin da muka zo da shi. Jibrilla ya ɗauki hoto ya fi talatin, rabi duk na kansa. Husna ta ce ciwon ya tafi kamar an cire ƙaya. Har na ji daɗi, na ce ashe maganin tsofaffi ya fi nawa.

Sai na lura ta daina magana. Husna da bakinta ba ya hutawa ko a cikin barci. Ta juya mana baya ta fuskanci ruwa. Ta cire takalmanta, ta jera su gefe da gefe a bakin tsagar, kamar mai shirin shiga ɗakin surukai.

"Ke lahiya?"

"Lahiya lau, Yaya."

Na waiga hanyar da muka biyo. Kududdufan nan da ke rarrabe sun haɗe sun zama ɗaya.

"Majo, dubi."

Ya duba, ya sake ɗaga kai sama.

"Madam, kin cika tsoro. Iska ce ke turo shi, yanzu za shi koma. Ga rana tsaka, ba hadari ba komi."

Muka ƙara zama. Allah Ya yafe mana, mun ƙara kusan rabin awa. Sai da ruwa ya ɗauki takalmin Jibrilla ɗaya ya yi gaba da shi sannan ya miƙe zumbur, fuskarsa ta canza.

"Mu tahi. Yanzu."

Na naɗe zane.

"Husna, tashi mu tahi."

"To, Yaya."

Jibrilla a gaba, ni a tsakiya, ita a baya. Ruwan da bai kai idon sawu ba ɗazu ya kai ƙwauri, muna tsakiya ya kai gwiwa, yana ja kamar mai hannu. Ban iya waiwaye don duwatsun ƙasa suna da santsi, amma ina jin tafiyarta a bayana, cabal, cabal. Ina yi mata magana ina tafiya.

"Taka inda na taka."

"To, Yaya."

"Kada ki dubi ruwan, dubi bayana."

"To, Yaya."

"Saura kaɗan."

"To, Yaya."

Na taka tudu, na ce alhamdulillahi, na juya in kama hannunta.

Babu kowa a bayana.

Ruwa ne kawai, yana ta kumfa.

"Husna!"

Jibrilla ya nuna da yatsa. Can a ƙwanƙolin baƙin dutsen, inda ko akuya ba ta iya hawa don santsi, Husna ce zaune. Ta ba mu baya. Ɗankwalinta babu, kitsonta a waje, iska ba ta ko motsa rigarta.

To wa ke amsa mini?

Har yau in na tuna "To, Yaya" ɗin nan sai tsigar jikina ta tashi. A bayan kunnena take, kusa, har ina jin ɗumin numfashi.

Na ƙwala kira har muryata ta dishe. Ko motsi ba ta yi ba.

Wata tsohuwa ce ta gangaro ta wata ƴar hanya a jikin jan dutsen, da kwandon ƙwanson kifi a ka. Ta gan mu jiƙe, ta ga Husna, ta sauke kwandon. Faransancinta guntu-guntu ne, nawa ma a lokacin ya gudu, amma mun fahimci juna.

"Wa ya kai ku can?"

"Ƙafa. Busasshe ne ɗazu, Mama."

"Ruwa yana tafiya ya dawo sau biyu kowace rana. Ko jariri ya san wannan."

"Garinmu babu teku."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, tausayi da haushi a haɗe.

"Ta taɓa wani abu a cikin tsagar?"

Jibrilla ne ya ce, "Ƙasa kaɗan ta sha a ruwa. Al'adarmu ce, don wuri shi karɓi baƙo."

Tsohuwar ta ja da baya taku biyu.

"To ya karɓe ta," ta ce.

Jibrilla ya yar da takalminsa ɗaya da ya rage.

"Madam, tsaya nan, kada ki motsa. Bari in kira masunta su zo da jirgi."

Ya ruga a guje kan duwatsun nan masu kaifi, ƙafa ba takalmi. Tsohuwar ta bi shi da kallo.

"Ba mai sa jirginsa kusa da dutsen nan in ruwa ya hau," ta ce. Ta koma can nesa ta zauna, ta ja zane ta rufe kanta.

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka.

Lambar Kawu Mani ce, ƙanin mahaifiyarmu, daga Dumega. Na ɗauka.

"Kawu..."

"Bushira."

Ba Kawu ba ne. Kaka ce. Kaka Ladidi da ko an miƙa mata waya sai ta ce a riƙe mata daga nesa, yau ita ce da kanta.

"Kaka, ina wuni..."

"Ban kira gaisuwa ba. Ina ɗiyata?"

"Tana... tana nan."

"Na ɗebi ruwa randar ɗakinta in yi alwalar la'asar. Na kurkure baki, gishiri. Ruwan da Mani ya jawo da sahe daga rijiyarmu. Na sa anka zubar, anka wanke randa, anka sake cikawa. Na ɗanɗana, gishiri. Bushira, ina kunka kai ta?"

Na zauna a kan dutse.

"Muna bakin teku, Kaka."

Ta cikin wayar ina jin akuya tana kuka, ina jin wata tana daka a maƙwabta. Gida sosai. Na ji kamar in shige cikin wayar.

"Kin ce mini babu ruwa."

"Na ce."

"Na tambaye ki sau uku."

"Don ta yi karatu na yi, Kaka!" Kuka da fushi suka taso mini tare. "Shekara goma sha tara kina tsare da ita kamar kaza a akurki! Kin hana ta Yamai, kin hana ta Gaya, ko wanki a tafki ba ta zuwa! An tambaye ki dalili, sai ki ce haka nan. Yarinya ta fi kowa ƙoƙarin boko a lakkwal, in bar ta ta tsufa a gindin murhu don haka nan? Da kin hwaɗa mini gaskiya da ban yi maki ƙarya ba!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ba ta ko kula ba.

"Ta sha ƙasa?"

Na dubi Husna a kan dutse. Ruwa ya rufe bakin tsagar, takalmanta suna yawo a kai.

"Bushira, ta sha ƙasa?"

"Awo."

"Wa ya ba ta?"

"Ni."

Wani sauti Kaka ta yi, ba kuka ba, ba salati ba. Na ji Kawu Mani yana cewa "Inna, zauna, Inna." Ta ce ya sake ta.

"Saurara, ba ni maimaitawa. Bayan ke, uwarku ta binne huɗu. Ba wanda ya kai arba'in. Kin tuna?"

"Na tuna biyu."

"Ta zama kamar mahaukaciya. Ni na kama hannunta na kai ta tafkin bayan gari, wurin mai tafkin. Ni, ba wani ba. Munka kai abin da aka kaiwa, munka roƙa. Anka ba mu Husna."

"Kaka, mi kike hwaɗi haka?"

"Aro anka ba mu. Kwana arba'in, a mai da. Mun ɗauka in ta zo hannu shi ke nan, wa za shi ƙwace? Ranar talatin da bakwai ƙasan gadon uwarku ya fara tsattsafo da ruwa. Tsakiyar rani, Bushira, rijiyoyi duk sun ja baya. Ran talatin da takwas ya kai ƙafar gado. Ran talatin da tara munka tashi tabarmar jaririyar na yawo bisa ruwa."



"Ran arba'in da hantsi uwarku ta ba ta nono ta ƙoshi. Ta goya mini ita da hannunta, ta ɗaure majanyi. Ta ce, Inna, in musanya suke so ga babba. Ta bi hanyar tafki. Ban hana ta ba."

"Ƙarya ne! Zazzaɓin jego ne ya kashe Inna! Ke kinka hwaɗa mini!"

"Mi za a ce ma ɗiyar shekara goma sha ɗaya da ta dawo daga lakkwal?"

"Kabarin fa? Kabarin da nike zuwa duk sallah?"

"Guntun icen gawo ne a ciki. Ba a ga gawa ba."

Jama'a, ban san yadda zan gaya muku abin da na ji ba. Saboda zazzaɓin jegon nan na zama sajfam. Na rantse tun ina yarinya ba wata mai jego da za ta sake mutuwa a gabana in ina da iko. Duk daren da na kwana tsaye a ɗakin haihuwa, Inna nake gani. Ashe ba a taɓa yin zazzaɓin ba. Na ji haushin Kaka, na ji tausayinta, na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

"Ruwa duk dangin juna ne," in ji Kaka, muryarta ta koma ƙasa. "Na can ya san na nan. Uwarku ta fanshe ta, anka bar muna ita bisa sharaɗi guda: kada ta sha ƙasar bakin ruwa. Wanda duk ya sha ya ce ya zo gida ke nan."

"To mi za ni yi? Kaka, ruwa na hawa! Hwaɗa mini abin da za ni yi!"

"Ba su saki sai da musanya. Kuma sai jini guda."

Tana faɗa ta gane abin da ta faɗa.

"Bushira. A'a. Bushira, kada ki shiga! Na ba da ɗiya, ban ba da jikoki biyu rana guda! Mani, yi mata magana! Bushira!"

Na aje wayar a kan dutse ban kashe ba. Na cire mayafi na naɗe, na ɗora a kanta. Muryar Kaka tana fitowa ta ƙarƙashinsa ƙanƙanuwa.

Na waiga hanyar gari. Babu Jibrilla, babu masunta. Tsohuwar tana nan a lulluɓe.

Ni na yi ƙaryar. Ni na ɗebo ƙasar. Wa zan jira?

Na shiga.

Sanyin ya soke ni har ƙashi. Taku biyar ruwa ya kai cinya, taku goma ya kai ƙugu. Duwatsun ƙasa suna yanka tafin ƙafata, ina ji, ban damu ba. Ban iya iyo ba, a ina zan koya? Na kama Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya ta ɓace mini, na koma farko, ta sake ɓacewa. Wata igiyar ruwa ta taso ta fi ni tsayi, na rufe ido na ce shi ke nan.

Ba ta taɓa ni ba.

Na buɗe ido. Ta rabe biyu ta wuce ta dama da hagu. Ta bayanta ma haka. Gabana ruwan ya kwanta lumui kamar na cikin kwano, tun daga inda nake har gindin dutsen. Hanya aka buɗe mini.

Wannan ya fi igiyar ba ni tsoro.

Ruwa yana ƙirjina na isa. Husna ba ta sama kuma. Ban ga saukowarta ba. Tana tsaye a kan wani ɗan tudu a jikin dutsen, daf da ni, ruwa iya gwiwarta, ta ba ni baya. Rigarta a bushe.

"Husna."

Shiru.

Ban san yadda ake yi musu magana ba, sai na yi yadda na ji tsofaffi suna yi a gindin tsamiya.

"Masu wuri, gafara dai. Baƙi ne mu, ba mu sani ba. Laifina ne, ba nata ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ga ni na kawo kaina. Ku sake ta ku riƙe ni."

Ta juyo a hankali.

Fuskar ta Husna ce, har ɗan tabon da ke haɓarta. Amma idanun ba sa ƙiftawa. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito mai kauri ce, tana gurgura kamar tulun da ake cikawa. Kuma da Hausar gidanmu ta yi magana.

"Ke? Mi za mu yi da ke?"

"Jini guda ne. Haka anka ce."

"Ƙarama munka ba da aro. Anka kawo muna babba, munka yi kawaici munka karɓa. Ba a yi muna haka sau biyu."

"To mi kuke so? Shanu? Nono? Duk abin da kunka ce za a kawo, na rantse!"

Sai idanun suka ƙifta. Sau ɗaya. Leɓenta ya fara rawa, hawaye suka zubo, na ga ƙanwata ta leƙo daga can ciki.

"Yaya," ta ce da ƴar muryarta, "sanyi nike ji. Yaya, akwai mutane da yawa a nan ƙasa. Kai ni gida wurin Kaka. Don Allah kada ki bar ni."

"Ban barin ki! Kamo hannuna!"

Na miƙa hannu. Ta miƙo nata. Yatsunmu suka haɗu, na damƙe, na ja da duk ƙarfina.

Kamar na ja dutsen.

Idanun suka sake tsayawa. Hannunta ya zame daga nawa, ya nutsa cikin ruwa a hankali, ya sauka a kan marata. Ya kwanta a wurin, sanyi ƙalau.

"Ku uku kunka sauko daga mota," in ji muryar. "Mu huɗu munka ƙirga."



Ba wanda ya sani. Wallahi ba wanda ya sani. Shekara bakwai da aurena da Rashid, haihuwar da na karɓa da hannuna ta fi dubu, ni ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Na sha magani, na sha rubutu, na sha habaici a gidan suna har na daina zuwa. Sati uku kafin tafiyar nan na yi gwajin ciki a ɓoye a wurin aiki, na sake, na sake, don ban yarda da idona ba. Ko Rashid ban faɗa wa ba. Na ce sai ya yi ƙwari, kada in sa shi murna ta koma ciki. Sati tara ke nan. Har suna na zaɓa a zuciyata.

"A'a," na ce. "A'a. Wanga bai yi maku komi ba. Bai ma zo duniya ba."

"Shi ya sa. Ƙarami munka ba da, ƙarami muke so."

Ruwan da ya kwanta ya fara motsi. Ya taɓa kafaɗata. Ya taɓa wuyana. Can nesa a tudu na ji muryar Jibrilla yana ƙwala kiran sunana, shi kaɗai, babu jirgi.

Yatsun da ke kan marata suka ƙara dannawa. Hawayen Husna suna zuba daga idanun da ba nata ba.

"Guda za ki koma da shi tudu, ɗiyar Arewa," in ji muryar. "Ruwa ba shi jira. Wanne?"